Notin da Ke Kwance Kansa

Kafin ku fara yi min wa'azi a ƙasan wannan rubutu, ku sani ni ba mai kishi ba ce. Haka dai na ɗauki kaina har zuwa daminar nan. In ƙawata ta sayi irin takalmina, yabawa nake. In saurayin wata ya fi nawa mota, ko a jikina. Ashe ban gamu da abin da zai taɓa ni ba ne kawai. Da ya tashi zuwa kuwa, har cikin ɗakinmu ya same ni, a kan gadon da ke kallon nawa.

Mu biyu ne a wurin iyayenmu, ni da Yaya. Baba makanike ne, garejinsa na manne da katangar gidanmu, shi ya sa labulen falonmu ke warin baƙin mai duk turaren da Umma za ta zuba masa. Da Allah bai ba shi ɗa namiji ba, sai ya koya mana mu. Na iya miƙa sifana kafin in iya ɗaura ɗankwali. Amma ina fara zama budurwa na ga yadda mai ke shiga ƙarƙashin farce ya ƙi fita, na ce wannan ba da ni ba. Na koma shagon kayan kwalliya na ƙanwar Umma, inda mutum zai wuni yana ƙamshi. Yaya ta zauna. Yanzu ita ke riƙe da garejin, Baba sai zama a kujerar roba yana ba da umarnin da an riga an aikata. Masu kawo gyara Injiniya suke ce mata. Ni kuwa Auta ce har gobe.

Sai kuma Mai Ƙwai. Kada ku yi dariya, a gidanmu aka laƙaba masa, don ranar da ya fara zuwa gaida Umma kiret ɗin ƙwai ya rungumo. Sana'arsa ke nan, yana bin gonakin kaji na bayan gari ya ɗebo ya raba wa masu shaguna. A wayata dai "Nawa" na rubuta, da jar zuciya a gefe. Dogo ne, baƙi, mai wushirya, kuma komai a hankali yake yinsa, har magana, sai ka ce yana tsoron kada wani abu ya fashe. Yana da wata tsohuwar akori-kura da ya gada wurin kawunsa, wadda aka ce da can fara ce. Ƙofar gefen fasinja ba ta buɗuwa ta ciki, dole ya zagayo ya buɗe min, ni kuma na ɗauki abin a matsayin karramawa. Na ɗinka ɗan matashi mai ruwan hoda na ɗora a kujerar gaba, kowa ya san wurin da mai shi.

A gida kuwa an fara hura min wuta.

"Auta, ƙwai dai muna ci," in ji Umma tana ninke wanki. "Manyansa ne ba mu gani ba."

"Umma, yana shiri."

"Shirin me? Babanki ya ce in damina ta wuce bai ji komai ba, shi zai kira shi da kansa."

Gwaggo, yayar Baba, tana gefe da kofin shayi, ita kuma ta nata fannin take.

"Ku bar ƙaramar, tana da mai zuwa. Babbar fa? Wane namiji ne zai tsaya da mace mai warin inji?"

Yaya na tsugune a bakin famfo tana goge hannu da soso, ko juyowa ba ta yi ba. Ni har tausayinta na ji a ranar, Allah ya sani.

To daminar ta cinye hanyar gonaki. Kullum Mai Ƙwai na kukan cikin motarsa na gogar ƙasa, ta maƙale a laka, sai an tura. Wani ya ba shi shawarar ya ɗaga ta. Ya yi odar kayan ta waya, suka iso a kwali. Maimakon ya kawo garejinmu, sai kunya ta kama shi, wai ba ya so a ce ya fara mora tun bai shigo gida ba. Ya kai wa wani abokinsa mai waldar ƙofofi, suka kunna bidiyo a waya suka ɗaura.

Ranar da ya zo nuna min, na sa doguwar riga mai ruwan zuma, matsattsiya daga gwiwa, da takalmi mai tsini. Na fito na tarar da mota ta yi tsayi kamar ta hau kujera. Na ɗaga ƙafa, riga ta ce ba ta san zancen ba. Sai da ya ɗauko fankon kiret ya kifa min na taka.

"Ya kika gan ta?" Yana ta washe wushirya.

"Ta yi kyau," na ce, ina gyara gyale.

Muna hawa titi ta fara. Sitiyari na kakkarwa a hannunsa, motar na jan hagu, ga wani gurnani da ke tasowa ta ƙarƙashin kujera har cikin haƙorana. Ina ji na san farfela ce, wato dogon ƙarfen nan da ke kai juyi daga giya zuwa tayoyin baya. Kunnen da Baba ya horar ba ya mantuwa. Amma ban taɓa gaya wa Mai Ƙwai na san mota ba. Ya taɓa ce min abin da ya fara burge shi a jikina laushin hannuna ne, tun daga ranar na ƙara ɓoye abin.

"Kina jin wani abu?" ya ce.

"Ni me na sani a mota?"

Washegari ya turo min hoton bayan motar. Ƙwai sun farfashe, gwaiduwa na bin ƙasa har tana ɗiga ta ƙofar baya. A ƙasa ya rubuta: *Na shiga uku, Auta. Ko rabi bai iso ba.*

Na rubuta masa: *Kawo wa Yaya ta duba.*

Ku sake karanta layin nan. Da yatsana na rubuta shi, ba wanda ya sa ni.

Ya kawo ta da hantsi, ranar ba ni da shago. Na yi wanka na shirya na kawo masa ruwan sanyi a tire har gareji. Yaya na cikin rigar aikinta mai haɗe da wando, shuɗiya da duk ta koɗe, ta naɗe kanta da wani tsohon ɗankwali. Ta sa ya hau da motar kan ramin da ake shiga a duba ƙarƙashi, ta sauka da tocila. Sai muka ji dariya na fitowa daga ƙarƙashin mota. Yaya fa, da sai a yi wata ba a ga haƙoranta ba.

"Wa ya yi maka wannan aikin?"

"Wani abokina ne."

"Ka tabbata abokinka ne? Sauko ka gani."

Ya naɗe ƙafar wando ya sauka. Ni ina sama riƙe da tire, ina jin muryoyinsu.

"Ka ga waɗannan tubalan ƙarfen da aka sa tsakanin sifirin da ƙarfen tayoyin baya? Su suka ɗaga ta. Gefe ɗaya siriri ne, ɗaya mai kauri. Siririn gaba ya kamata ya kalla, shi kuma ya juya su baya. Shi ya sa farfela ta karkace take gurnani, ita ke fasa maka ƙwai."

"Ikon Allah."

"Ba mu gama ba. Taɓa nan."

"Me ke nan?"

"Tiyon birki. Ka ɗaga mota ka bar mata gajeren tiyo. Ji yadda ya miƙe? Rana ɗaya za ka faɗa rami ya tsinke, ka taka birki ka ji wayam."

"Innalillahi!"

"Ga kuma notuka, ya ɗaure su mota na rataye a kan jak. Sai an sauke ta, nauyinta ya zauna, sannan ake ɗaurewa, in ba haka ba robobin murɗewa suke su yage. Shokozoba ma, masu shanye girgizar hanya, tsofaffin ya mayar, sun yi mata gajarta. Ba a kuma saita tayoyin gaba ba."

"Injiniya," ya ce, da wata murya da ban san shi da ita ba, "duk a ina kika san wannan?"

Ni ma na sani! Wallahi rabin abin da ta faɗa na sani. Na tsaya da farcena mai jan fenti da tiren ruwa, ƙanƙara na narkewa, ba wanda ya tuna da ni.

Da suka fito ta ce sai an zaga da ita ta ji da jikinta. Haka Baba ya koya mana: mai gyara ba ya tuƙi, gefe yake zama ya cire takalmi ya dafa ƙasan motar da tafin ƙafa, don ƙafa ta fi kunne jin inda rawa take. Yaya ta kama ƙofa ta yi tsalle ɗaya ta haye, ba kiret ba komai. Ta ɗaga matashina ta juya shi.

"Na waye wannan?"

"Nawa ne," na ce.

"Riƙe, Auta, yana hana ni jin motar."

Ta miƙo min ta taga. Suka fita. Na bi su da kallo rungume da matashi, ina hango kanta da nasa ta gilashin baya, tana nuna masa wani abu da hannu yana gyaɗa kai. Na ƙara matse matashin, na ce wa kaina yunwa ce ke damuna.

Aikin ya ɗauki 'yan kwanaki, kuma in faɗi gaskiya Yaya ta yi shi yadda ya kamata. Ta juya tubalan, ta sa dogon tiyo, ta canza shokozoba, ta kai aka saita tayoyi. Mota ta koma tafiya lafiya lau. Ya turo min hoton kiret-kiret a jere, ko ɗaya bai tsage ba. Na yi hamdala, na mayar da matashina wurinsa, na ce an rabu ke nan.

Ba a yi nisa ba sai ga shi ya dawo. Wai akwai wata sabuwar ƙara a baya, ƙwas-ƙwas, in ya taka gargada. Yaya ta shiga rami ta fito ta ce noti ne ya yi sako-sako, ta ɗaure. Suka zaga. Matashina ya sake dawowa hannuna.

Bayan 'yan kwanaki, ƙwas-ƙwas ta dawo.

Daga nan na fara lura da abubuwa, kuma mai lura ba ya rasa abin gani. Saƙonninsa gare ni suka fara gajarta. Da, in na rubuta *Ka ci abinci?* sai ya cika min allo da labarin kaji da masu shagon da suka ɓata masa rai. Yanzu sai *Eh, ke fa?* Ita kuwa saƙon murya yake tura mata. Muna ɗaki da yamma ina goge kayana, sai in ji ta kunna: ƙarar hanya, ƙwas-ƙwas, sannan muryarsa a hankali, "Kin ji ta, Injiniya? Ga ta nan, saurara." Ta saurara. Ta sake kunnawa.

"Ba ki ji ba ne da farko?" na ce.

"Ƙarar nake son in tantance."

"Ƙarar."

Ta ɗago ta dube ni, ta kifa wayar.

Wata safiya na nemi man hannuna mai ƙamshin lemo na rasa, sai na gan shi a kan tagar gefen gadonta. Yayar da ke wanke hannu da garin sabulun wanki! Wata rana kuma na ga kwalli a idonta, siriri, irin na wadda ba ta so a gane ta sa. Ta canza ɗankwalin aiki zuwa wani sabo mai ɗigo-ɗigo. Na kwashe kayan kwalliyata kaf na kulle a akwati, abin da ban taɓa yi ba tun da muke.

Na kai ƙara wurin Umma a kicin.

"Umma, wai motar nan ba ta warkewa ne?"

"Tsohuwar mota ai sai haƙuri."

"Kullum yana gareji. Jiya ya zo ya tafi bai ko aiko a kira ni ba."

Ta ajiye wuƙa ta kalle ni sama da ƙasa.

"Auta, ki ji tsoron Allah. Yayarki ce fa. Wahala take yi wa mijin da za ki aura, ko sisinsa ba ta karɓa, ke kuma kina nan kina ƙirga mata numfashi. Kada in sake jin wannan maganar."

Na fito da kunya, har na buɗe akwatin na mayar da man hannun kan tagarta. Amma kunyar ba ta kai yamma ba. Na rubuta masa:

*Yau ma gareji?*

*Eh, ƙarar ce ta dawo.*

*Ni ban taɓa jin ta ba.*

*Sai da kaya take yi.*

*Ka yi kewata kuwa?*

Alamar yana rubutu ta fito, ta ɓace, ta sake fitowa. Ina zaune a bayan kanta a shago, wata mata na tambayata farashin hoda ina ba ta amsar turare. Daga ƙarshe abin da ya iso shi ne: *Sosai mana.* Ko zuciya ɗaya bai liƙa ba.

Ranar da abin ya fashe, ƙanwar Umma ta rufe shago da wuri za ta asibiti dubiya. Na dawo gida rana na tsaka. Ina shan kwana na hango akori-kurar a kan rami. Garejin shiru, ma'aikata sun tafi cin abinci, Baba na kujerarsa ya rufe fuska da hula. Umma ta ce Yaya ta fita sayo kayan wata motar, shi kuma Mai Ƙwai ya bar tasa ya hau babur ya tafi kai wa wani kaya, zai dawo.

Ban san lokacin da na yanke shawara ba. Na cire takalmi mai tsini na zura silifas ɗin banɗaki, na ɗauko wata tsohuwar rigar Baba na ɗora a kan doguwar rigata, na kunna fitilar waya na sauka ramin. Rabona da shi tun ina 'yar makaranta. Warin nan na mai da danshi ya buge ni, sai na ji kamar jiya na fita.

Na bi aikin Yaya ɗaya bayan ɗaya, ina fatan in kama ta da kuskure. Ban samu ba. Tubalan sun kalli inda ya dace, tiyon birki na da sararinsa, farfela ta miƙe. A kan kowane noti akwai ɗan farin layi. Wannan dokar garejinmu ce: duk notin da ka gama ɗaurewa sai ka ja masa layin fenti daga kansa zuwa jikin ƙarfen da yake zaune. In ya motsa ko kaɗan, layin zai rabu biyu, kallo ɗaya ka gane. Duk layukan a haɗe suke.

Sai na zo kan shokozoba ta baya, ta hagu.

Layin notin ƙasa ya rabu. Na sa yatsa na taɓa, ya juya. Na matso da fitila. Kusurwoyin notin duk sun cinye, da wasu ƙananan zane a jere, sababbi, suna ƙyalli. Haƙoran filaya ne. A garejinmu in Baba ya kama ka da filaya a kan noti, ranar sai ka gwammace ba ka zo aiki ba, Yaya kuwa ta fi shi tsanani. Girgizar hanya kuma ba ta da haƙori. Mutum ɗaya na sani da ke yawo da filaya mai jan hannu a aljihun ƙofar mota, da ita yake murɗe wayar da ke riƙe ƙofar baya.

Mai Ƙwai. Wato yana tsayawa a wani wuri a hanya, ya kwanta a ƙasa da fararen kayansa, ya kwance notin motarsa da hannunsa, don ya samu abin da zai kawo. Mutumin da ke tsoron ƙwai ɗaya ya fashe!

Na jingina da bangon ramin. Har na fara jin wani sanyi-sanyi, ina cewa to shi ne, Yaya ba ruwanta, aikinta take yi. Sai na sake haska wurin. A jikin ƙarfen layi ɗaya ne, an yi ta maimaita shi har ya yi kauri. A kan notin kuwa, ban da na farkon aiki, layuka uku ne, kowanne a gefe daban, ɗaya ya fara dushewa, ɗaya sabo fil. Duk dawowar da ya yi ta ga layinta a rabe, ta ga haƙoran filaya kamar yadda na gani, ta ɗaure ta ja sabo, ta hau kujerata suka zaga.

"Na hagu ne, na baya."

Na firgita har na buga kai da ƙarfe. Baba ne, daga kujerarsa, bai ko ɗaga hular ba.

"Baba, ka sani?"

"Noti ba ya kwance kansa a garejina."

"Shi ne ba ka ce komai ba?"

"Me zan ce, Auta? Ku biyu ne gare ni." Sannan ya ce, "Sifana mai lamba sha bakwai ce. Tana rataye a hannun damanki."

Na ɗauko sifanar. Hannuna bai manta ba. Na ɗaure notin har ya yi ƙara, farcena biyu suka karye, mai ya shiga ƙarƙashin sauran. Na nemi farin fenti ban gani ba. Na laluba jakata na ciro jan farce, na ja layi ja wur daga kan notin zuwa ƙarfen.

Ina fitowa daga ramin babur na sauke shi. Ya tsaya da leda a hannu, lemon kwalba biyu a ciki, masu sanyi. Ya dubi rigar Baba a jikina, ya dubi sifana, ya dubi hannuwana.

"Auta? Me kike yi a nan?"

"Gidanmu ne."

"A'a, ina nufin… ke kin iya ne?"

"Motarka ta warke. Na ɗaure shi da kaina, na kuma yi masa alama da jan farcena. In ka kwanta za ka gani."

Ya kalli motar.

"Filaya tana barin haƙori," na ce. "Da ka tambaye ni, da na ara maka sifana."

Na ɗauka zai musa. Wallahi so nake ya musa, ya rantse, ya yi fushi, in samu abin riƙewa. Sai ya sunkuyar da kai yana kallon ledar hannunsa.

"Ban san yadda aka yi ba, Auta. Ban shirya shi ba."

"Lemon na waye?"

Ya mayar da ledar bayansa.

"To ji nan. Ƙara ta ƙare. Daga yau ba mota a tsakani. Ka je ka yi tunani, gobe ka ɗauki waya ka kira wadda kake nema a gidan nan, da sunanta. Ɗaya za ka kira."

Na buɗe ƙofar fasinja ta waje na ɗauke matashina, na shige gida. Sai da na rufe ƙofar banɗaki na saki famfo sannan na yi kukan.

Yaya ta dawo gab da faɗuwar rana. Na ji ta tsaya a gareji, na san ta ga babu motar, Baba kuma ya gaya mata ko bai gaya mata ba. Ta shigo ɗaki ta zauna a bakin gadonta ba ta cire rigar aiki ba. Idonta ya sauka a kan farcena.

"Layi nawa kika ja, Yaya?"

Ba ta yi kamar ba ta gane ba, wannan kam na ba ta.

"Na farko na ɗauka ni ce ban ɗaure da kyau ba."

"Na biyu fa?"

"Na biyu na gane."

"Na uku?"

Ta kalli hannuwanta.

"Ban taɓa ce masa komai ba, Auta. Wallahi ko kalma ɗaya. Shi ma bai ce ba."

"Ni ma ai ba ki ce min komai ba."

"Na yi ta niyya."

"Kina niyya kina shafa man hannuna."

Ta runtse ido. Na so ta yi min tsawa irin ta yaya, in rama, mu yi ta. Sai ta yi magana ƙasa-ƙasa.

"Tun da nake a garejin nan, duk wanda ya dawo, don mota ta lalace ya dawo. Ban taɓa ganin wanda ya lalata ta don ya dawo ba. Na san ba nawa ba ne. Kawai na ce bari in ƙara ɗaurewa sau ɗaya."

Ku gaya min, me ake ce wa wannan? Na so in shaƙe ta, na kuma so in rungume ta, na rasa wanne ya fi ƙarfi. Na juya mata baya na fuskanci bango. Umma ta kira mu cin abinci, ba wadda ta fita.

Da safe ba wadda ta yi shirin aiki. Na ce kaina ke ciwo, ita ta ce ba mota a rami. Na gaya mata abin da na ce masa, ta gyaɗa kai kawai. Soket ɗaya ne mai aiki a ɗakinmu, saboda haka wayoyinmu na kan ɗan teburin da ke tsakanin gadajen, a kife, gefe da gefe, kowacce da igiyar cajinta. Ni ina goge sauran jan farce da auduga. Ita tana ninke rigar da ta riga ta ninke. Daga kicin muna jin Umma na soya ƙwai.

Sai teburin ya ɗauki rawa.

Muka dubi juna. Na miƙa hannu na juyo tawa. Allon baƙi ƙirin, ko haske babu.

Ta Yaya ta ci gaba da kakkarwa a kife, tana matsawa kaɗan-kaɗan zuwa bakin teburin, ba wadda ta miƙa hannu ta tare ta.